Wa ke tsaron zauren gwamnati a intanet?

A ƙarshen watan Yulin 2023, mutanen Kenya sun wayi gari sun tarar dandalin eCitizen ya ƙi buɗuwa. A wannan dandali ne gwamnatin ƙasar ta tattara hidimomi sama da 5,000, tun daga neman fasfo da lasisin tuƙi har zuwa rajistar kamfani da bizar baƙi. Ministan sadarwa na lokacin, Eliud Owalo, ya fito ya amsa cewa hari aka kai, ya kuma ce ba a saci bayanan kowa ba. Wannan bayani bai sanyaya zuciyar wanda jirginsa zai tashi da safe kuma bizarsa ta maƙale ba, har sai da hukumomi suka amince matafiya su karɓi biza bayan sun sauka. Babu takarda ko ɗaya da ta ɓata a ma'ajiyar gwamnati, amma jama'a sun kasa kaiwa gare ta.

Wata ƙungiya mai kiran kanta Anonymous Sudan ce ta ɗauki alhakin harin. Kwanaki kaɗan bayan haka, da sojoji suka yi juyin mulki a Nijar ranar 26 ga Yuli, ƙungiyar ECOWAS kuma ta yi barazanar amfani da ƙarfi, sai maharan suka juyo kan Najeriya. Sun yi iƙirarin kai wa kamfanin MTN hari, hukumar NITDA kuma ta fitar da gargaɗi ga ma'aikatu da kamfanoni a farkon watan Agusta. Hausawa sun ce idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. A wannan karon, wutar ta riga ta taɓa gefen gemun.

Albashin ma'aikacin tarayya yana bi ta IPPIS, kuɗin shigar gwamnati suna bi ta asusun bai ɗaya, ɗalibi yana rajistar JAMB ta intanet, mai neman fasfo da mai rajistar kamfani duk a can suke farawa. Tunda gwamnati ta mayar da ƙofarta can, tsaron wannan ƙofa ya zama al'amarin mulki. Kayan aikin da ake tsare ta da shi kuwa, wato na'urar tsakani wadda masu sana'ar ke kira furoksi, abu ne mai kaifi biyu, domin maharan ma da irinta suke aiki. Wanda zai tsaya tsakanin ma'aikata da jama'arta, da sharuɗɗan da zai tsaya a kansu, da kuɗin da za a biya shi, shawara ce da ta dace da teburin babban sakatare, kuma lokacin yanke ta shi ne kafin ranar hari.

Yadda ake toshe ƙofa ba tare da an fasa ta ba

Kowane shafin intanet yana zaune ne a kan wata kwamfuta da ake kira uwar garke. Aikinta kamar na akawun da ke zaune a taga ne: mutum ya miƙo buƙata, ta amsa, na baya ya matso. Tana da iyakar buƙatun da za ta iya ɗauka a lokaci guda, haka ma wayar da ta haɗa ta da duniya tana da iyakar abin da za ta iya ɗauka. Harin toshe hidima shi ne a cika wannan iyaka da buƙatun banza, har mai buƙata ta gaskiya ya rasa wurin shiga. Idan daga na'urori dubbai aka turo buƙatun a tare, shi ne abin da aka fi sani da DDoS.

Hanyoyin harin sun kasu kusan gida uku. Ta farko ita ce cika titi da cunkoso tun kafin a iso ofis. Ranar 28 ga Fabrairun 2018 an yi wa dandalin GitHub, inda masu rubuta manhaja ke ajiye aikinsu, ambaliyar da ta kai terabit 1.35 a kowane sakan. Maharan sun yi amfani da wasu kwamfutocin ajiyar bayanai masu suna memcached da masu su suka bari a buɗe. Sukan aika musu ƙaramar tambaya da adireshin GitHub na jabu, su kuma sai su mayar da amsa mai ninkin dubbai zuwa ga GitHub ɗin. Kamar mutum ne ya rubuta wa ɗaruruwan 'yan kasuwa wasiƙa da sunan maƙwabcinsa, yana cewa kowa ya kawo tirelar yashi ƙofar gidan.

Hanya ta biyu ba ta buƙatar runduna. A 2009 wani masanin tsaro, Robert Hansen, ya fitar da wata manhaja mai suna Slowloris don nuna raunin wasu uwayen garke, musamman Apache ta wancan zamani. Manhajar takan buɗe ɗaruruwan layuka, ta fara buƙata a kowanne, ta ƙi ƙarasawa, tana ɗigo kalma ɗaya lokaci bayan lokaci don kada a katse ta. Uwar garke mai ladabi sai ta yi ta jira, har kujerunta su ƙare. Kwamfuta ɗaya a ɗakin kwana tana iya durƙusar da shafin ma'aikata guda ta wannan hanya, kuma mai duba ma'aunin cunkoso ba zai ga wani abin tashin hankali ba.

Hanya ta uku ita ce turo buƙatu masu kama da na gaskiya, a yawan da ya wuce hankali. A watan Oktoban 2023 kamfanonin Google da Cloudflare da Amazon suka bayyana wani rauni a ƙa'idar HTTP/2, wanda ke ba mahari damar buɗe buƙata ya soke ta nan take, ya sake buɗe wata, ba iyaka. Google ya ce harin da ya tare ya kai buƙatu miliyan 398 a sakan ɗaya. Cloudflare ya ce na'urorin da suka kai masa nasa harin ba su wuce kimanin 20,000 ba. Ke nan ƙarfin hari yana ƙaruwa, kuɗin shirya shi kuma yana raguwa.

Aikin zaure

A gidan Bahaushe baƙo ba ya faɗawa tsakar gida kai tsaye. A zaure yake tsayawa, ya yi sallama, a san ko wane ne da abin da ya kawo shi. Na'urar tsakani da ake ajiyewa a gaban uwar garke wannan aiki take yi. Duk mai neman shafin, ita yake tararwa. Adireshinta duniya ta sani, adireshin uwar garke kuma yana ɓoye a bayanta.

Daga wannan matsayi take yin abubuwa da dama. Takan ajiye kwafin shafukan da ba sa canzawa, kamar sanarwa da fom da hotuna, ta miƙa su da kanta ba tare da ta tashi uwar garke ba. Takan jira buƙata ta kammala kafin ta shigar da ita ciki, wanda hakan ke karya lagon dabara irin ta Slowloris, kuma manhajoji irin su nginx da HAProxy, waɗanda ake samu kyauta, sun daɗe suna yin wannan. Takan ƙirga buƙatun kowane baƙo ta rage wa mai zarin hannu gudu. Idan kuma ta babban kamfani ce mai cibiyoyi a birane da yawa, takan rarraba ambaliyar a kan cibiyoyin, ta yadda babu wadda za ta nutse.

Abin da ya ceci GitHub ke nan. Cikin mintuna kaɗan da fara harin ya karkatar da zirga-zirgarsa zuwa cibiyoyin tacewa na kamfanin Akamai, kuma duk katsewar ba ta kai minti goma ba. Sirrin shi ne yarjejeniyar tana nan tun kafin harin, hanyar karkatarwar a shirye take, ma'aikatan kuma sun san wanda za su kira.

Estoniya ta ɗanɗana akasin haka. Daga 27 ga Afrilun 2007, bayan gwamnati ta ɗauke wani mutum-mutumin sojan Tarayyar Sobiyet daga tsakiyar birnin Talin, an shafe kusan mako uku ana yi wa shafukan majalisa da ma'aikatu da bankuna da jaridu ruwan buƙatu. Ƙasar ta riga ta mayar da harkokin banki da na gwamnati intanet fiye da yawancin maƙwabtanta, saboda haka abin ya yi mata ciwo. Mafitar da wasu bankuna da jaridu suka samu ita ce rufe ƙofa ga duk wanda ke wajen ƙasar. Sun samu sauƙi, amma ɗan ƙasar da ke tafiya ya kasa taɓa asusunsa, duniya kuma ta kasa karanta labarin daga bakin masu shi. A shekarar da ta biyo baya ƙungiyar NATO ta kafa cibiyarta ta nazarin tsaron intanet a Talin. Duk da girman abin, ɗalibi ɗaya kaɗai aka hukunta, shi ma tara aka ci shi.

Makami ɗaya a hannu biyu

Dalilin da ya sa gano maharan ke da wuya yana komawa ga na'urar tsakani ita ma. Yadda take ɓoye uwar garke daga baƙo, haka wani nau'inta ke ɓoye baƙo daga uwar garke. Mahari yakan bi ta kwamfutocin wasu mutane, buƙatarsa ta iso da adireshinsu.

A watan Oktoban 2024 ma'aikatar shari'a ta Amurka ta bayyana tuhumar da take yi wa wasu 'yan'uwa biyu 'yan Sudan, bisa zargin su ne ke tafiyar da Anonymous Sudan. Takardun tuhumar sun ce kayan aikinsu ya kai hare-hare sama da 35,000 cikin kusan shekara guda, kuma ɗaya daga ciki ya tilasta wa sashen gaggawa na asibitin Cedars-Sinai da ke Los Anjeles karkatar da marasa lafiya zuwa wasu asibitoci na kimanin sa'a takwas. Abin lura shi ne tsarin kayan aikin. A cewar masu binciken, ba rundunar na'urorin da aka yi wa kutse ba ce irin wadda aka saba gani. Wasu uwayen garke ne na haya, suna tura umarni ta tarin na'urorin tsakani da aka bari a buɗe a faɗin duniya. Sakacin masu waɗannan na'urori shi ya zama jarin maharan.

Akwai kuma kasuwar da ta fi wannan kusa da gida. A watan Mayun 2024 aka kama wani mutum a Singafo bisa zargin tafiyar da wata hanyar sadarwa mai suna 911 S5, wadda hukumomin Amurka suka ce ta ƙunshi adireshi sama da miliyan 19 a ƙasashe kusan 200. Yadda aka tara su shi ne ta manhajojin VPN na kyauta. Mutum ya sauke manhaja don ya buɗe shafin da aka toshe, ita kuma ta mayar da kwamfutarsa zauren haya, ana sayar wa masu zamba da masu kutse izinin wucewa ta cikinta. Duk ɓarnar da aka yi, adireshin gidansa za a gani.

Wannan ya shafi Najeriya kai tsaye. Lokacin da gwamnati ta dakatar da Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, ɗimbin jama'a sun sauke manhajojin VPN, mafi yawa na kyauta, kuma wasu suna nan a wayoyi da kwamfutoci har yau. Ma'aikacin da ya ɗora irin wannan manhaja a kwamfutar ofis, ko ya haɗa wayarsa da layin ma'aikata, yana iya buɗe wa baƙo hanya ta tsakar sakatariya ba tare da ya sani ba. Sai da ɗan gari akan ci gari, ko da ɗan garin bai san ana cin garin da shi ba.

Daga nan ne kuskuren da aka fi yi yake tasowa. Da zarar shafi ya fara nauyi, abin da ke fara zuwa ran jami'in fasaha shi ne ya toshe adireshin da buƙatu suka fi fitowa daga gare shi. Amma kamfanonin waya sukan haɗa masu amfani da yawa a bayan adireshi ɗaya, saboda adireshin tsohon tsari sun yi ƙaranci. Toshe adireshi guda na iya nufin toshe ɗaruruwan masu neman aiki a Gusau ko Abakaliki waɗanda ba su yi laifin komai ba. Toshe ƙasashen waje gaba ɗaya kuma yana rufe ƙofa ga ɗan Najeriya da ke Jidda ko Landan yana neman sabunta fasfo, alhali maharin da ya yi hayar adireshin cikin gida ya wuce abinsa. Ƙari a kan haka, ranar da aka buɗe shafin ɗaukar ma'aikata, tururuwar masu nema na gaskiya tana kama da hari ƙwarai. Ma'aikatar da ba ta da kayan bambance su za ta iya ɗora wa maƙiya laifin ƙarancin shirinta, ko ta kori jama'arta da sunan tsaro.

Abin da zaure ke ci

Wanda ya ce a sa kowane shafin gwamnati a bayan babban kamfanin tsakani a huta, ya faɗi rabin magana. Akwai farashi huɗu da ya kamata mai sa hannu a kwangila ya sani.

Na farko, zaure ba ya amfani idan ƙofar baya a buɗe take. Idan maharan suka gano ainihin adireshin uwar garke, sai su kewaye na'urar tsakani su doke ta kai tsaye. Gano shi kuma ba wuya: tsofaffin bayanan rajistar sunan shafi suna nan a ajiye, wasiƙar imel da uwar garken ta aika tana ɗauke da adireshinta, wani ƙaramin shafin gwaji da ɗan kwangila ya manta da shi yana nuna hanya. Maganin shi ne a sauya adireshin bayan an kafa kariyar, a kuma umarci uwar garke kada ta amsa wa kowa sai na'urar tsakani. Aiki ne na 'yan sa'o'i, amma sai an tambaya ake yinsa.

Na biyu, mai zaure yana ganin abin da ke cikin jakar baƙo. Domin na'urar tsakani ta tace buƙatu, dole ta kwance rufin sirrin da ke kansu ta karanta. Ma'ana, lambar NIN da lambar asusu da kalmar sirrin da ɗan ƙasa ya rubuta suna bi ta hannun kamfanin a buɗe, ko da na ɗan lokaci ne, kuma wataƙila a wata cibiya da ke wajen ƙasar. Ƙa'idojin NITDA sun daɗe suna neman a ajiye bayanan gwamnati a cikin gida, Dokar Kare Bayanai ta 2023 kuma ta gindaya sharuɗɗa kan fitar da bayanan mutane zuwa waje. Jami'in da ya buɗe asusu da imel ɗinsa na kansa ya ɗora shafin ma'aikata a kai, ya yanke hukuncin da ya fi ƙarfin matakinsa, kuma ranar da aka yi masa canjin wurin aiki, makullin ya tafi da shi.

Na uku, kariyar alfarma tana da ranar ƙarewa. A watan Satumban 2016 an kai wa shafin ɗan jaridar Amurka Brian Krebs hari mai ƙarfin kimanin gigabit 620 a sakan, daga rundunar Mirai, wadda aka tara daga kyamarorin tsaro da na'urorin gida da masu su ba su sauya kalmar sirrin masana'anta ba. Akamai, wanda ke kare shafin kyauta, ya tare harin na 'yan kwanaki, sannan ya janye saboda nauyin ya fara barazana ga abokan cinikinsa masu biya. Shafin ya ɓace har sai da shirin Project Shield na Google ya ɗauke shi. Krebs da kansa bai zargi kamfanin ba, domin babu alkawarin da aka karya. Darasin ga ma'aikata shi ne abin da ba a rubuta a kwangila ba, ba a bin bashinsa ranar wuya.

Na huɗu, idan kowa ya fake a zaure ɗaya, rushewarsa ta shafi kowa. Ranar 8 ga Yunin 2021, wani kuskure a manhajar kamfanin Fastly ya tashi bayan wani abokin ciniki ya sauya saitinsa, sai shafin gwamnatin Birtaniya na gov.uk da na manyan jaridu da dama suka ɗauke na kusan sa'a guda. Babu maharin da ya taɓa su. Haka kuma ranar 21 ga Oktoban 2016, da Mirai ta doki kamfanin Dyn mai nuna wa kwamfutoci hanyar shafuka, Twitter da Netflix da wasu da yawa sun gagari jama'a a sassan Amurka, duk da cewa nasu na'urorin lafiya lau suke.

Tsakanin 'yanci da kariya

Masu cewa a guji kamfanonin waje gaba ɗaya suna da hujja, kuma hujjar ikon ƙasa a kan bayananta ba abin wasa ba ce. Sai dai ambaliyar da ta kai terabit tana cika wayar da ke shigowa cibiyar bayanai tun kafin ta iso kowace na'urar tacewa da aka saya aka ajiye a ciki. Akwatin da ma'aikata ta saya da tsada ba zai tare ruwan da ya riga ya cinye titin ba. Tare irin wannan sai mai faɗin hanya, kuma mafi faɗin hanyoyin a yau suna hannun kamfanoni kaɗan na duniya. Ƙin amincewa da wannan gaskiya yana barin shafuka tsirara da sunan kishin ƙasa.

Hanyar da ta fi dacewa ita ce rarrabewa. Shafukan sanarwa, waɗanda duk abin da ke cikinsu na jama'a ne, babu abin da za a yi asara idan suka zauna a bayan babban kamfanin duniya, da asusun da ke sunan ma'aikata. Shafukan da ke karɓar bayanan sirri da kuɗi suna buƙatar kwangila mai faɗin inda za a kwance bayanan, da wanda ke riƙe makulli, da tsawon lokacin da za a ajiye rajistar baƙi. A gefe guda kuma, ƙasar na buƙatar gina nata ƙarfin tacewa. Kamfanin Galaxy Backbone, wanda ke ɗauke da hanyoyin sadarwar gwamnatin tarayya, da cibiyar musayar intanet ta IXPN, da manyan kamfanonin waya, su ne wuraren da ya dace a kafa zaure na tarayya, wanda ƙaramar hukuma mai jami'in fasaha ɗaya za ta shiga ƙarƙashinsa ba sai ta yi ciniki ita kaɗai da dala ba. Umarnin da aka fitar a 2024 na ayyana muhimman kayayyakin sadarwa na ƙasa ya ba da madogara, saura a ga abin a kasafin kuɗi.

Kasafin ma yana da nasa cikas. Al'adar ma'aikatu ita ce a ɗauki shafin intanet kamar gini: a ba da kwangila a babban aiki, a ƙaddamar, a yanke kyalle, ɗan kwangila ya tafi. Kariya kuwa hidima ce ta kullum, ana biyanta wata-wata ko shekara-shekara, kuma wurinta a kuɗin gudanarwa yake. Shafin da aka kashe miliyoyi wajen gina shi zai iya zama ba kariya a shekara ta biyu saboda babu layin da za a biya kuɗin sabuntawa daga cikinsa. Tunda ayyukan fasahar ma'aikatu suna bi ta tantancewar NITDA kafin a aiwatar, nan ne wurin da ya fi sauƙi a tsaya a ce babu amincewa sai an nuna tsarin kariya da kuɗinsa na shekaru masu zuwa.

Hari na haya, da batun shaida

Kada a ɗauka sai rikicin ƙasa da ƙasa ke jawo irin wannan hari. A Laberiya, a 2016, wani ɗan Birtaniya mai suna Daniel Kaye ya yi amfani da wani reshe na Mirai ya yi ta dukan kamfanin waya na Lonestar, kuma kotu ta ji cewa wani babban jami'i a kamfanin da ke gogayya da shi, Cellcom, ne ya ɗauke shi haya. A watan Nuwamban shekarar harin ya yi ƙarfin da ya taɓa intanet ɗin ƙasar baki ɗaya. A Janairun 2019 wata kotu a Landan ta yanke masa ɗaurin shekara biyu da wata takwas. Idan hamayyar kasuwa ta iya haifar da wannan, ranar rufe karɓar takardun neman kwangila, ko ranar fitar da sakamako, ko daren zaɓe, duk lokuta ne da wani zai ga ribar shafi ya mutu na 'yan sa'o'i.

Dokar Laifukan Intanet ta 2015 ta haramta kawo cikas ga aikin kwamfuta da gangan, da hukuncin ɗaurin da bai wuce shekara biyu ba, ko tarar da ba ta wuce naira miliyan 5 ba, ko duka biyun. Gyaran da aka yi mata a 2024 ya rage wa'adin kai rahoton hari ga cibiyar ngCERT, da ke ƙarƙashin ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, daga kwana bakwai zuwa sa'a 72. Amma doka tana aiki da shaida, kuma a nan ma na'urar tsakani tana da tarko. Uwar garken da ke bayanta adireshin na'urar kaɗai take gani, sai an saita ta ta rubuta ainihin adireshin baƙon da na'urar ke miƙo mata. Ma'aikatar da ba ta yi wannan saiti ba za ta buɗe rajistarta bayan hari ta tarar da suna ɗaya an maimaita shi sau miliyan, kuma sunan mai gadinta ne.

Tambayoyin da suka dace da takardar ofis

Mai taimaka wa minista ko darakta ba ya buƙatar iya rubuta manhaja kafin ya yi amfani a wannan fage. Abin da yake buƙata shi ne ya sa tambayoyi a takarda, ya nemi amsa a rubuce. Shin akwai na'urar tsakani a gaban shafin hukumar, kuma asusunta da sunan wa yake? Shin uwar garke tana amsa wa wani ban da ita? A wace ƙasa ake kwance bayanan masu shiga? Me kwangila ta ce game da girman harin da kamfanin zai ɗauka, da mintunan da zai amsa kira a cikinsu, ko da daren Asabar ne? Idan kamfanin da kansa ya faɗi, ina hanya ta biyu, kuma yaushe aka gwada ta? Idan shafin ya mutu a ranar ƙarshe ta wani wa'adi, wa ke da ikon ƙara wa jama'a lokaci, kuma ta wace kafa za a sanar da su? Wace doka ce a ofis game da manhajojin VPN na kyauta a kan kwamfutocin gwamnati?

Tambaya ta shida ita ce wadda aka fi mantawa, alhali ita ta fi taɓa talaka. Harin toshe hidima ba ya satar kuɗi daga asusu, amma yana cinye kuɗin motar wanda ya taso daga ƙauye zuwa shagon intanet, da kuɗin datar da ya ƙare yana ta sake gwadawa, da damar aikin da wa'adinta ya cika yana kallon allo. Waɗannan asarori ba sa shiga rahoton da ke cewa ba a saci bayanan kowa ba.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Hukumar da ta amsa waɗannan tambayoyi a watan da babu abin da ke faruwa, ta gwada karkatar da shafinta sau ɗaya a shekara kamar yadda ake atisayen kashe gobara, za ta iya fita daga hari cikin mintuna kamar GitHub. Wadda ta jira sai allon ya yi fari za ta fara ne da neman lambar wayar ɗan kwangilar da ya gina shafin shekara huɗu da suka wuce.